Eriyar Injiniya

Ranar da Injiniya ya shigo gida rungume da wani baƙin akwatin ƙarfe, yana nishi yana murmushi kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti, Maman Tagwaye ta ajiye wuƙar yankan albasa ta nemi bakin kujera ta zauna, don ta riga ta gane abin da ke tafe.

Ba yau ta fara ganin irin wannan rungumar ba. Haka ya taɓa rungumo injin ƙyanƙyasa, wanda ya dafe ƙwan gaba ɗaya, suka yi ta cin dafaffen ƙwai har yara suka koma kau da kai in sun ga kaza. Haka ya rungumo batirin babbar mota, ya ce daga yau sun rabu da ɗaukewar wuta. Abin da suka rabu da shi dai shi ne labulen falo da girarsa ta hagu. Mutum ne da ya yi aikin karanta mitar ruwa har ya yi ritaya, amma da bakinsa ya raɗa wa kansa Injiniya, unguwa kuma ta karɓi sunan hannu bibbiyu saboda yana da daɗin faɗa in ana neman dariya.

"Wannan kuma mene ne, Malam?"

Ya ture kofunan da ke kan teburin cin abinci, ya dire akwatin. "Rediyo ce. Amma ba irin taki ba, wadda ita ke magana ke ki yi shiru. Wannan ni ke magana, duniya ta yi shiru."

"Da wa za ka yi maganar?"

"Da kowa. Mutanen ƙasar ƙanƙara, mutanen tsibiran da ke can ƙarshen teku, duk wanda ke da irin wannan akwatin da lasisi irin nawa."

Lasisin kam yana da shi. Ya yi ta zama jarrabawar har masu sa ido suka san tarinsa, daga ƙarshe ya tsallake da ƙyar, ya sa takardar a gilashi ya rataye a inda hoton aurensu yake.

"Ba ga waya nan a aljihunka ba?"

Ya dube ta da tausayi. "Waya ai ta kowa ce, mai sayar da gawayi ma yana da ita. Kuma ki sani, yanzu ba da baki ake yi ba, da baki 'yan koyo ke yi. Kwamfuta ake haɗawa da rediyon. In rubuta saƙo, kwamfuta ta mayar da shi feɗuwa, feɗuwar ta hau eriya ta tsallake teku, can wata kwamfutar ta ji ta mayar da ita rubutu."

"Wato feɗuwa za ka riƙa yi wa bayin Allah."

"Feɗuwa ta ilimi."

Ita Maman Tagwaye ba teku ne ya dame ta ba, bene ne. Suna haya a sama, mai gidan, Hajiya, tana zaune a ƙasa da ciwon gwiwarta da kunnenta mai jin faɗuwar allura. Sai da Maman Tagwaye ta sha yawo kafin ta sami wannan gidan: ruwa na hawa, rufi ba ya yoyo, makarantar tagwaye tana nan bayan katanga, ga shi bana suke jarrabawar fita. Tun gobarar labule Hajiya ta ce saura ƙiris ta tashe su. Kuma kowa ya san tana da ɗan ƙane, wanda ake kira Ango tun kafin a sa rana, da ke zuwa gaishe ta yana ɗaga kai yana ƙirga tagogin sama.

"Malam, don Allah ka tuna da Hajiya."

"Hajiya za ta yi alfahari. Gidanta zai shiga taswira."

Babbar 'yarsu, wadda ke makarantar jinya har gida ya koma kiranta Nas, ita ta sa masa manhajar da ke aiki da rediyon a tsohuwar kwamfutarta kafin ta koma makaranta. Maman Tagwaye na guga a gefe tana jin su.

"Baba, ka duba nan. Wannan koren maɓallin na koyo ne. Faifai ne da aka naɗa ya zo tare da manhajar, don mutum ya ga yadda saƙonni ke fitowa. In ka saba, sai ka shiga nan ka zaɓi rediyonka, sannan ne za ta fara jin..."

"Ke, Nas. Ni za ki koya wa maɓalli? Ina hulɗa da mita tun ba ki san hannun damanki ba."

"Mitar ruwa ce, Baba."

"Ruwa da iska duk gudu suke yi. Kore, na gani. Tashi ki ba ni kujera."

Washegari aka shiga aikin eriya. Ya aro tsanin maƙwabcinsu Tela, ya hau saman bene da nannaɗen waya a kafaɗa, ya kwance igiyar shanyar gidan duka ya zubar da kayan mutane a ƙasa, ya ce ilimi ya fi zani buƙatar wuri. Ya ɗaura bakin wayar a ƙarfen tankin ruwa, ya ja ɗayan bakin zuwa wani dogon bututu da ya kafa a cikin bokitin siminti. Wajen ja da baya ya taka bututun tanki, ruwa ya ɓalle ya bi matakala yana sauka kamar an aike shi, bai tsaya ko'ina ba sai cikin takalman baƙin Hajiya. Wajen gudun gyarawa ƙusa ta kama wandonsa ta baya ta yi masa taga.

Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon gidan, ya fito da almakashi a hannu ya ɗaga murya. "Injiniya! An fara kama tashar ne? Mu dai daga nan hoto ya fito tar!"

"Ka yi dariyarka yanzu," in ji Injiniya, yana dafe da bayansa. "Gobe kai za ka zo kana roƙo in gaisar maka da Turawa."

Tela ya leƙo ta tagarsa. "Ni dai ka gaisar min da tsanina, ka ce ina kewarsa."

Da yamma ya zura kebul ɗin eriyar ta tagar falo, ya haɗa da rediyo, ya haɗa rediyo da kwamfuta, ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya yi nesa. Sannan ya danna koren maɓalli.

Kwamfuta ta fara wani siririn kuka, kamar sauro ya shiga makarantar waƙa. Sai ga layuka suna zubowa a allo, haruffa da lambobi, wasu kore, ɗaya ja.

Injiniya ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Maman Tagwaye! Zo ki ga duniya! Dannawa ɗaya! Wasu sai su shekara ba su kama ko tari ba!"

Ta zo tana goge hannu. "Me suka ce?"

"Wannan daga ƙasar ƙanƙara yake. Wannan jan kuma, kin ga lambarsa, daga wani tsibiri ne can inda teku ya ƙare. Kira yake, yana neman wanda zai amsa."

"Ya san ka ne?"

"Zai sani yanzu."

Ya rubuta lambar kiransa da yatsa ɗaya, yana cije harshe, ya murɗa ƙarfin rediyon har ƙarshe, don a ganinsa tsibiri nesa ne, ya danna aikawa.

Abin da ya biyo baya Maman Tagwaye ba ta son tuna shi. Ƙararrawar ƙofar Hajiya ta kama kaɗawa ita kaɗai. Talabijin ɗin Hajiya, da take kallon wasan da ba ta yarda ko jikanta ya yi atishawa a lokacinsa, ya koma zane-zane kamar tabarma. A tsallaken titi kuwa, lasifikar da Mai Aski ke sa kiɗa ta kurma wani ihu, daidai lokacin da kilifa ke kan ƙeyar wani direba. Hannu ya zabura. Kilifa ta yi hanya tun daga ƙeya har goshi, miƙaƙƙiya, ba ko kwana.

Injiniya bai ji komai ba. Jan layin ya sake fitowa a allo, ya buga tebur. "Ya amsa! Kin gani? Ya amsa!" Ya sake danna aikawa. Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Hajiya ta ja gwiwa ta buɗe ƙofa, ba kowa. Ta koma ta zauna, ta sake kaɗawa. Ta buɗe, ba kowa. A zuwa na gaba ta fito da muciya, ta tarar da direba a tsakiyar titi da tawul a wuya da titi a kai, yana nuna saman benenta yana faɗin maganganun da ba a maimaitawa.

Hajiya ba ta hawa bene. Ranar ta hau. Maman Tagwaye na jin sandarta tana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, kowane bugu a ƙirjinta yake sauka.

"Sannu da hawa, Hajiya, ga kujera, bari in kawo ruwa..."

"Na sha ruwanku ɗazu a takalmi, 'yar nan." Ta juya ga Injiniya, ta nuna akwatin da sanda. "Kai. Na yi haƙuri da warin ƙwai. Na yi haƙuri da gobara. Yanzu ka sa aljanu suna min sallama a ƙofa."

"Hajiya, ba aljanu ba ne, ƙarfin saƙo ne. In kin fahimci yadda igiyar iska..."

"Ban fahimta ba, kuma ba zan fahimta ba. Ga abin da na fahimta. In feɗuwa ɗaya ta ƙara fita daga saman gidana, ko na ji ko ban ji ba, ku nemi kwalaye. Ango na nan yana jira."

Injiniya ya dafa ƙirji ya yi alkawari, har da sunkuyar da kai. Sandar ba ta gama sauka ba ya juyo yana raɗa. "Matsalar garkuwa ce kawai. In na naɗe kebul ɗin da takardar azurfa irin ta gashin kifi, ko kyanwarta ba za ta ji ba."

"Malam, ta ce ko ba ta ji ba."

"In ba ta ji ba, wa zai gaya mata?"

Maman Tagwaye ta dube shi. Ta san wanda zai gaya mata. Yana tsaye a gabanta da gira ɗaya.

Da safe, ya fita sayen takardar azurfa, ita kuma ta ɗauki bokitin wanki ta hau sama da filaya a ƙarƙashin kayan. Ta zagaya bayan tanki inda kebul ya haɗu da eriya, ta waiga hagu ta waiga dama, ta yi bisimilla ta datse shi. Ta maƙale guntun da maƙalin shanya a jikin ƙarfen tanki don kada ya zame ya tona ta. Ta sauko tana shirya abin da za ta faɗa in ya gano. Ta shirya kuka, ta shirya rantsuwa, ta shirya ɗora wa ɓera.

Ya dawo ya naɗe kebul ɗin falo da takardar azurfa har ya koma kamar kifin da za a gasa. Ya danna kore. Ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe numfashi.

Sauro ya fara waƙarsa. Layuka suka zubo. Kore, kore, ja.

"Ga mutumina na tsibiri! Kullum yana nan, ba ya saɓa lokaci."

Ya danna aikawa. Wani ɗan wari ya tashi daga bayan rediyon, kamar an ɗora roba a kan murhu, sannan ya lafa. Ƙararrawar Hajiya ba ta ce uffan ba. Lasifikar Mai Aski ta ci gaba da kiɗanta.

"Kin ji?" ya ce.

"Ban ji komai ba."

"To shi ne aikin! Warin nan kuma na ƙarfi ne, in inji ya kama aiki sosai haka yake yi. Ki riƙa lura, za ki ƙaru."

Ta koma kicin ta tsaya a gaban tukunya, kanta ya ɗaure. Ita da hannunta ta yanke wayar. To ta ina mutumin tsibiri ke shigowa? Ta taga?

Kwanaki suka yi ta tafiya, kullum sauro na waƙa a falo, ita kuma tana aikinta tana ji. Wata rana tana tsane shinkafa ta kama kanta tana bin waƙar da hanci. Ta san inda za ta hau, ta san inda za ta yi ƙaƙat kamar an taka leda, ta san bayan ƙaƙat ɗin Injiniya zai buga tebur ya ce ga mutumina. Nan take muryar Nas ta dawo mata tare da ƙamshin guga: na koyo ne, faifai ne da aka naɗa.

Ta zauna a kan buhun shinkafa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ta gama ta share ido ta yanke shawarar yin shiru. Tun da ta aure shi, wannan ne aikinsa na farko da bai ƙona komai ba, bai jiƙa kowa ba, kuma yana zaunar da shi wuri ɗaya. Mutum na hira da faifai, ina laifi?

Laifin yana bakin Injiniya.

A shagon Mai Aski ya baje kolinsa. Ya ce ya gano hanyar aika saƙo a ɓoye wadda ko masu ƙera rediyon ba su sani ba. Ya ce mutumin tsibiri ya zama kamar ɗan'uwa, mutum mai magana ɗaya, abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau. Ya yi wa Tela alkawarin masu ɗinki daga ƙasar ƙanƙara, ya ce ya fara koyon ɗinka rigunan sanyi. Ya ce wa Mai Aski ya yi maganar sabuwar kilifa da mutumin tsibiri, ana dubawa. Da direba, wanda tun ranar bai rabu da hula ba, ya ce shi bai yarda ba sai ya gani, Injiniya ya miƙe a kan kujerar aski da kumfa a haɓa ya gayyaci layin gaba ɗaya: ranar hutu da yamma, kowa ya zo falonsa ya ga duniya da idonsa.

A makon ne kuma firjin Hajiya, wanda ya girmi Nas, ya yi tari biyu ya mutu.

"Malam, ka janye taron nan," in ji Maman Tagwaye. "Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce mutumin tsibiri ya yi tafiya."

"Ina zai je? Tsibiri ne."

"Hajiya za ta ji."

"Hajiya ba ta hawa bene."

Ranar hutu falo ya cika har matakala. Tela ya zo da tef a wuya, Mai Aski ya rufe shago, direba ya zauna gaba-gaba da hularsa, matan maƙwabta suka cunkushe a ƙofar kicin suna yi wa Maman Tagwaye sannu irin wadda ake yi wa mai jinya. Injiniya ya sa kwat ɗin da aka yi masa bikin ritaya da shi, ya jera birai a aljihu, ya ɗora wani ƙaton abin sauraro a kunne wanda bakin wayarsa ke lilo a gefen cinyarsa, bai shiga ko'ina ba.

Yana cikin bayanin yadda iska ke da hawa-hawa kamar bene, sai aka ji sanda a matakala. Mutane suka dare. Hajiya ta shigo tana dafe da kafaɗar Ango.

"Ku ci gaba," ta ce, ta zauna a kujerar da Tela ya tashi ya ba ta. "Ni ma duniyar na zo gani."

Ango ya gaishe da kowa cikin ladabi, ya zaro tef daga aljihu ya nufi taga.

"Me kake aunawa?" in ji Maman Tagwaye.

"Labule ne kawai, Anti. Kada ki damu da ni."

Duk mai hankali a nan zai ce rediyon ado ce. Maman Tagwaye ta yi tari. Ta sake tari. Ta zare wa mijinta ido har ya yi mata zafi. Injiniya ya ga taro, ya ga Hajiya da kanta ta hau bene dominsa, ƙirjinsa ya ƙara faɗi. Ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya sauke shi a kan kore.

Sauro ya ɗauka. Layuka suka zubo. Falo ya ce, "Kai!"

"Ƙasar ƙanƙara," in ji Injiniya, yana nunawa da biro. "Tela, ga masu rigunanka. Wannan jan kuma aminina ne. Bari in gaya masa muna da baƙi." Ya rubuta, ya danna aikawa.

Hajiya ta jingina haɓa a kan sanda. "Injiniya, in tambaye ka. Yanzu saƙon nan naka fita yake daga saman gidana?"

"Fita? Hajiya, tashi yake kamar shaho! Safe da yamma, tun washegarin ranar da kika hau nan, ban huta ba ko sau ɗaya. Kuma kin ji ko ƙis? Wannan shi ake kira gwaninta."

Kowa ya juya ya dubi Hajiya. Har sauron kamar ya rage murya.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Hajiya. "Ga wanda ya kashe min firji. 'Yar nan, ki yi haƙuri, ke ba ki da laifi, amma ki fara neman kwalaye. Ango, auna har ta ɗakin kwana."

Maman Tagwaye ta dubi mijinta, yana tsaye cikin kwat, fuskarsa na sheƙi, bai ma gane an kore shi ba. Ta dubi bakin ƙofa, inda takalman makarantar tagwaye ke jere, an goge su an tura safa a ciki. Ta sake duban mijin. Sannan ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Gafara dai, Ango."

Ta kama kebul ɗin da ya shigo ta taga ta fara ja. Ya taho ba gardama, hannu bayan hannu, takardar azurfa na zubewa, har guntun bakinsa ya faɗo tsakiyar falo da maƙalin shanya a jikinsa.

"Hajiya, ga abin da ke zuwa saman gidanki. Ni na datse shi da filaya, washegarin ranar da kika yi magana. Tun ranar ba abin da ya hau eriyar nan sai tsuntsaye."

Kowa ya dubi guntun waya, ya dubi allo. Layuka na ta zubowa abinsu.

Injiniya ya ƙura wa allon ido, sai idonsa ya yi haske. "Allahu akbar! Jama'a, kun gani? Ko babu eriya saƙona fita yake! Wannan ko ni ban san na kai nan ba!"

"To," in ji Hajiya, "fita yake ke nan. Ango, ci gaba."

"Malam, don girman Allah ka yi shiru in fitar da kai!"

Ta sunkuya bayan tebur ta fizge fulogin rediyo daga soket. Fitilun akwatin suka mutu. Layuka na zubowa. Ta cire wayar da ta haɗa shi da kwamfuta, ta rungumi akwatin yadda ya rungumo shi ranar farko, ta ratsa mata ta kai shi kicin ta dire kusa da turmi, ta dawo tana haki. Layuka na zubowa. Sai ta juya wa kwamfutar baya, ta fuskanci bango kamar yarinyar da aka sa hadda.

"Mai Aski, kai ka duba allon. Yanzu za ta ja kuka sama. Sai ta yi ƙaƙat. Sai jan layi ya fito."

Kwamfuta ta ja kuka sama. Ta yi ƙaƙat.

"Wallahi ga ja!" in ji Mai Aski.

"Sai kore biyu a jere. Sai ta yi shiru kamar mai haɗiyar yawu. Sai ta koma farko, ƙasar ƙanƙara."

"Kore... kore... ta yi shiru... La ilaha illallahu, ga ƙanƙara ta dawo!"

Maman Tagwaye ta juyo. "Faifai ne, Hajiya. Naɗaɗɗe, na 'yan koyo, tare da manhajar ya zo. Nas ta gaya masa ina tsaye ina guga, ya ce ta tashi ta ba shi kujera. Tun ranar farko shi yake kunnawa. Ba wanda ya taɓa kiransa, ba wanda ya taɓa amsa masa."

Tela ne ya fara, wata 'yar ƙaramar dariya ta hanci, sai falo ya fashe. Mata suka riƙe juna a ƙofar kicin. Na kan matakala suna tambayar me ya faru, ana miƙa musu labari suna fashewa bi da bi har ƙasa.

"Injiniya," in ji Mai Aski yana share hawaye, "wato kilifar tawa faifai ne ke dubawa?"

"Ni da na sayi ulu!" in ji Tela.

"Shi ya sa aminin naka ba ya canza magana!"

Direba ya cire hula, ya nuna titin da gashi bai gama rufewa ba. "To ni wannan fa? Shi ma faifai ne?"

"A'a, wannan na gaske ne," in ji Mai Aski. "A duk saƙonnin Injiniya shi kaɗai ya isa wurin wani, kuma a kanka ya sauka. Ka riƙe shi da kyau, daga nesa yake, daga tsallaken titi."

Hajiya ta yi dariya har ta sarƙe, sai da Ango ya saki tef ya bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce, "To firjina fa, wa ya kashe shi?"

"Tsufa ne, Hajiya," in ji Maman Tagwaye.

"Nawa ko nasa?"

"Na firjin."

Hajiya ta dube ta, ta dubi Injiniya, wanda ya zame abin sauraron daga kunne yana jujjuya bakin wayarsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ango, naɗe tef ɗinka. Mutumin da zai kwashe makonni yana gaisawa da faifai yana tambayarsa iyali, in na kore shi ina zan samo wani? Talabijin ma ba ya ba ni irin wannan." Ta miƙe a kan sanda. "Amma akwatin can zai bi ni ƙasa, ina da tukunyar fure da ba ta da mazauni. Koren maɓallin kuwa, ya danna har yatsa ya gaji."

Da falo ya watse, Injiniya na zaune a gaban kwamfuta cikin kwat, Maman Tagwaye na tsince takardar azurfa daga kan shimfiɗa.

"Wato duk gaisuwar da na aika..."

"Ba ta wuce tankin ruwa ba, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Har ta fara jin tausayinsa, ta fara neman kalmar da za ta lallashe shi da ita. Sai ya gyara zama.

"Amma kin lura da abu ɗaya? An cire eriya, an cire wuta, an cire rediyon ma gaba ɗaya, aikin bai tsaya ba. Ba kowane injiniya ne zai haɗa abu haka ba."

"Ba kowane ba," ta ce. "Cire kwat ɗin kada ya yi datti."

Har yanzu suna gidan. In yamma ta yi, aka tura ƙofar falo, akan ji sauro ya ɗauki waƙarsa a hankali, an rage murya. Maman Tagwaye takan kai shayi ta ajiye a gefen kwamfuta.

"Ya mutanen tsibiri?"

"Lafiya lau," yakan ce, ba tare da ya ɗago ba. "Suna nan yadda kika san su."

Sai ta ɗauki bokiti ta hau sama. Eriyar na nan daga tanki zuwa bututu, a miƙe, ba ta lanƙwasa, ba ta tsatsa, tana ɗaukar kayan makarantar tagwaye da zannuwan gado har da na Hajiya a lokaci ɗaya. Duk layin ba mai igiyar shanya irinta, kuma duk wanda ya tambaya, Maman Tagwaye ba ta ɓoyewa: aikin Injiniya ne.